Tsumman Baba Jethro

"Sau uku ke nan, Oga Jethro. Ni ba yarinya ba ce."

"Madam, mota ba mutum ba ce, balle ta buɗe baki ta ce ga inda ke mata ciwo."

"To kai mene ne amfaninka? Ba Likita suke ce maka ba?"

Jethro ya zaro tsumma daga aljihun baya ya shiga goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, alhali tun safe bai taɓa komai ba. Madam Philomena na tsaye a bakin rumfarsa, jaka a hammata, ta jingina ƙugu da motarta mai ruwan toka. Ita ce mai makarantar nan ta Makera mai koren ƙyaure. Iyayenta daga kudu suka zo, amma a Kakuri aka yanke mata cibi. Hausa a bakinta kamar jakin Kano, kuma in ta tashi cin mutunci ba ta zuwa aron kalma gidan kowa.

Jiya da rana motar ta mutu mata a tsakiyar gada. Tirela a baya tana ta danna hon, 'yan Keke suna leƙowa suna zagi, ita kuwa tana tsaye a rana da dogon takalmi tana kallon 'yan talla suna tura mata mota. Da aka kai ta gefe aka yi kamar minti goma, direba ya murɗa makulli, ta tashi kamar ba ita ba. Wannan ne ya fi ƙona wa Madam rai. Ta ce da lalacewa ta yi gaba ɗaya, da ta san ta lalace. Wannan kuwa rainin hankali ne, kuma ƙarfe ba ya raina hankalin mutum sai da hannun wani a ciki.

Ta faɗi sharaɗinta da ƙarfi, yadda masu faci da masu fenti na rumfunan kusa za su ji. Yau Juma'a. Ƙarfe biyu za ta dawo, a gaya mata abin da ke kashe motar. Ba ta son a sake nuna mata wani sabon ƙarfe a kwali a ce bari a gwada.

"Ɗayan biyu ne. Ko hannunka, ko wannan." Ta nuna direbanta da baki. "In hannunka ne, gobe motocin makarantata huɗu suna garejin Callistus a Sabon Tasha. Duk wanda ya tambaye ni dalili zan gaya masa. Har wanda bai tambaya ba."

Ba ta faɗi abin da zai faru in ɗayan ne ba. Ba sai ta faɗa ba.

Direban, Umar, yana tsaye a bayan mota, dogo, siriri, sanye da koriyar rigar ma'aikatan makarantar mai suna a ƙirji. Shekararsa shida yana tuƙa Madam. Ya yi gyaran murya, ya ce shi dai ya lura da wani abu. In tanki a cike yake, motar takan kwana biyu ba ta yi ba. Sai mai ya sauko ƙasa da rabi take fara halin nata.

Madam ta juya ta dube shi tun daga silifas har hula, sannan ta yi wata gajeriyar dariya.

"Ka ji ko, Oga Jethro? Maganin motata shi ne in dinga cika masa tanki. Da tiyo kake zuƙa, Umaru, ko kai tsaye da baki?"

Umar ya sunkuyar da kai. Ta tare Keke ta tafi.

Sunan Likita ba a gareji Jethro ya samo shi ba. A masaƙa ya samo shi, zamanin da jiniya ke tashin Kakuri, mutane dubbai suna kwarara ta get a kan kekuna. Shi ke gyaran injinan saƙa. A ɗakin da injin ɗari ke kuka lokaci guda, yakan tsaya ya karkata kai, ya nuna guda ɗaya ya ce wancan zai tsinke zare kafin a tashi. Kuma sai ya tsinke. Da aka rufe masaƙar, wasu suka koma ƙauye, wasu baƙin ciki ya kai su ƙasa. Jethro ya fito da kunnensa, da kuma dila guda ta wata atamfa da aka ɓata wajen bugu, shuɗiya mai zanen zabi, wadda ba ta taɓa shiga kasuwa ba. Matarsa ta ce ko labulen banɗaki ba za ta yi da ita ba. Sai ya mai da ita tsumma. Shekara da shekaru yana yanka, har yau da saura. Duk layin garejin an san ta. In aka tsinci ƙyalle mai zabi a rumfar wani, ba a cigiya, mayar masa ake yi.

Gidan haya yake. 'Ya'yansa sun watse. In aka cire sunan nan, abin da ya rage masa akwatin sifana ne da rumfar kwano mai yoyo.

Karatunsa na mota gajere ne, kuma bai taɓa ba shi kunya ba. Mota abu uku take ci: mai, wuta, iska. In ta mutu tana cikin tafiya, ɗaya aka hana ta. In ta ɗauke farat ɗaya kamar an kashe fitila, wuta ce, sai a duba kwail, a duba kan batir, a bi waya. In ta fara tari tana ja da baya, ka taka totur ta ƙi amsawa kafin ta mutu, yunwa ce, mai ba ya isowa. In kuwa baƙin hayaƙi take yi tana kakari a tsaye, numfashi ne ya toshe.

Wannan motar yunwa take nunawa. Ya san haka tun zuwan farko. Amma famfon man da ke cikin tankinta sabo ne fil, shi da hannunsa ya sa shi mako uku da suka wuce, lokacin da tsohon ya mutu. Jethro kuwa yana da ƙa'ida guda da kowa ya san shi da ita: ba ya komawa kan aikin da ya gama. Yakan ce makanikin da ya kwance abin da ya ɗaure jiya, ya gaya wa duniya jiya barci yake yi. Don haka ya canza filta. Ta dawo. Ya wanke nozul, ya canza fulogi, har ya haɗiye girman kai ya kira Tony, mai gyaran wayoyin mota na rumfar gefe, ya zo ya jona kwamfutarsa. Kwamfuta ta ce lafiya ƙalau. Tony ya naɗe wayarsa yana murmushi, ya ce, "Baba, na'ura ta ce mara lafiyarka ƙarya take yi. Ko dai likitan ne?" Tare suka yi dariya, amma Jethro bai manta ba.

Yanzu ya leƙa ya dubi allurar mai. Kwata. Ya ce wa Umar ya shiga ya ja, su hau hanyar Kachia.

Wannan karon bai zauna a gaba ba. Ya ɗage katifar kujerar baya ya jingine ta, ya tsuguna a kan ƙarfe, daidai murfin da famfon yake ƙarƙashinsa. Ya ɗora bakin dogon sukudireba a kan murfin, ya manna ƙotar a kunnensa. Ya gaya wa kansa saurare kawai zai yi. Saurare ba kwancewa ba ne.

Damina ce, an sha ruwa jiya, ramukan titi sun cika taf. Umar yana kauce musu a hankali kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Shi ba mai yawan magana ba ne a gaban Madam, amma da ya ga daga shi sai dattijo, bakinsa ya buɗe. Ya ce shi maganar Madam ba ta damunsa, baki ne kawai da ita. Ya ce ko sau ɗaya bai taɓa zuba wa motar nan man galan ba, lokacin wahalar mai ma wuni yake yi a layi yana azumin dole. Ya ce da don ta shi ne da tuni ya koma jan Keke, amma akwai Sumayya. 'Yarsa ce, shekararta tara, tana aji huɗu a makarantar Madam, don 'ya'yan ma'aikata kyauta suke karatu. Ita ke zuwa ta ɗaya. In ya ɗauko ta tare da Madam da safe, ba allon shago ko lambar mota da za ta wuce ba ta karanta ba, har gyara masa Turanci take yi.

"Wai likita za ta zama, Baba. Amma irin na mutane, ba irin naka ba."

Ya yi dariya, sai kuma ya ji tsoron ko ya yi rashin kunya, ya duba madubi ya ce wasa yake yi.

"Yi shiru in ji," in ji Jethro.

Famfon yana waƙarsa sumul, siririn sauti ɗaya kamar kukan sauro. Suka wuce Sabon Tasha, Jethro bai ɗaga kai ya dubi garejin Callistus ba. Sai da suka doshi Mahuta, a wani ɗan hawa, sautin ya canza. Ya yi sama, ya ƙanƙance, kamar mutumin da aka toshe wa baki da tafin hannu. Nan take motar ta fara tari. Umar ya taka totur, ta ja da baya, ta yi fizga biyu, ya samu ya gangara da ita gefe kusa da wata mai gasa masara. Ta mutu.

Famfon ya tsaya. A cikin shirun nan Jethro ya ji wani abu ta ƙotar sukudireban, ƙanƙani, wanda ba kowane kunne zai kama ba. Laf. Kamar ganye ya saki bakin magudana.

Bai motsa ba. Ranar da ya sa famfon ce ta dawo masa dalla-dalla. Ya zare tsohon, bakin tanki ya rage a buɗe, ya cusa tsumma a ramin don kada ƙasa ta faɗa, kamar yadda ya saba yi shekara ashirin. Ya tafi Panteka neman sabo. Kafin ya dawo an tura motar gaba don a ba wata motar hanya. Madam tana ta kira a waya tana masifa. Ya tarar da ramin a buɗe, bai tambayi kansa dalili ba, ya zura famfo ya ɗaure. Ya ma tuna ya laluba aljihu bai ji tsumma ba, ya je ya yanko wani.

Ke nan tsumman yana cikin tankin. Yana yawo a cikin mai. In tanki ya cika, fili gare shi, sai ya yi nisa. In mai ya yi ƙasa, sai ya matso, famfo ya zuƙe shi ya manne a bakinsa, mai ya yanke. Mota ta mutu, famfo ya saki, tsumma ya yi gaba abinsa, a murɗa makulli ta tashi kamar ba ita ba. Abin da direban ya faɗa da safe, wanda aka yi masa dariya a kai, shi ne gaskiyar maganar tun daga tushe.

"Baba, ka ji wani abu?"

Idon Umar na cikin madubi.

"Ban tabbatar ba tukuna," in ji Jethro.

Dole su jira. Umar ya fita ya sayo masara biyu, ya dube su, ya miƙa wa Jethro babbar. Jethro ya riƙe ta har ta fara hucewa. Sannan ya cinye ta tas, ya jefar da totuwar a kwata.

Ɗaya saura suka koma Kakuri. Umar ya ce zai tsaya ya riƙe masa tocila in tankin za a buɗe, sallar Juma'a ya same ta ko a sahun ƙarshe. Jethro ya ce a'a, aikin mutum ɗaya ne.

"Je ka yi Juma'arka. Ka roƙa mana Allah ya tona asirin motar nan."

Umar ya ce amin, ya ɗauki darduma a but ya tafi.

Layin ya yi tsit, rabi sun tafi masallaci, rabi sun tafi cin abinci. Jethro ya kwance murfin, ya ɗago famfon ya ajiye a faranti. Ya lanƙwasa bakin waya ya zura. Na farko ba komai. Na biyu ba komai. A na uku wayar ta yi nauyi.

Mako uku a cikin fetur sun cinye shuɗin, ya koma fari-fari kamar idon makaho. Amma zabin suna nan, a jere, kowace da ɗigonta.

Ya tsaya da shi a hannu yana ɗiga. Maganar ba ta da tsawo. Madam, kuskurena ne, ga shi. Numfashi ɗaya ya isa. Sai dai ya san layin nan. Akwai wani mai walda a ƙarshen layi da ya taɓa ƙona kujerar mota sau ɗaya tak, tun kafin a haifi Tony, har yau Gobara ake kiransa, jikokinsa ma 'yan gidan Gobara ne. Kafin magariba Likita zai mutu, a haifi Baba Tsumma. Callistus zai ba da labarin a Sabon Tasha yana riƙe ciki. Mutumin da ba ya komawa kan aikinsa, ashe shara yake binnewa a ciki.

Ya duba inda zai jefa shi. In ya jefa a kwata, wani zai tsinta ya kawo masa har rumfa. Ƙonawa kuwa, ga tanki a buɗe. Yana cikin haka ya ji fito, Tony ne ke dawowa da ledar abinci. Jethro ya matse tsumman sau ɗaya, ya dunƙule shi ya tura a aljihun gaba na wando, ya saki riga a kai.

"An samu, Baba?"

"An kusa."

Tony ya leƙa, ya ga famfo a faranti, ya ɗaga gira. Ya wuce rumfarsa.

Madam ba za ta karɓi magana ba, sai abin da ido ya gani. Jethro ya ɗauki gorar ruwa da aka shanye, ya yanke wuyanta, ya ɗebo fetur daga tankin. Ya juya wa layi baya ya tsuguna. Ya ɗebi ƙasa da yatsu uku daga ƙarƙashin benci. Ya kankaro tsatsa daga wata tsohuwar salansa. Ya ɗiga ruwan sama daga durom. Ya girgiza. Ya fito kamar kunun da ya kwana. Ya gaya wa kansa datti kawai zai ce, dattin mai, wanda zai iya fitowa daga ko'ina. Ba sai an kama sunan kowa ba.

Ya mayar da famfo, ya ɗaure murfi, ya shimfiɗa kujera. A lokacin ne cinyarsa ta fara zafi.

Biyu ba ta cika ba Madam ta sauko daga Keke. Ya miƙa mata gorar. Ta ɗaga ta saitin rana, ta juya ta, ƙasar tana lilo a ciki. Masu faci da masu fenti sun fara dawowa, suka matso, don ba a gayyatar mutum kallon irin wannan. Jethro ya yi bayani a taƙaice. Datti ne a tanki. In mai ya yi ƙasa, sai famfo ya zuƙo shi ya toshe. Ya wanke, ba za ta sake ba.

Madam ta ce ita gidan mai ɗaya take sha shekara goma. Motocin makaranta huɗu ma can suke sha, ba wadda ta taɓa mutuwa a gada.

Daidai nan Umar ya iso, darduma a kafaɗa, goshinsa da sauran ƙasar sujada. Ya ga taro, ya ga gora, fuskarsa ta washe.

"Alhamdu lillahi. An gano ke nan, Baba?"

Madam ba ta ko dube shi ba, Jethro take kallo.

"Oga Jethro, kai ne Likita. Irin wannan dattin, daga ina yake zuwa?"

Fetur yana cin fatar cinyarsa kamar an ɗora garwashi. Hausawa sun ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Shi zabi ne a nasa, garke guda. Ya ji idon Tony a gefen wuyansa. Ya ji bakinsa ya buɗe.

"Irin na galan ne, Madam. Na 'yan bumburutu."

Umar ya ɗan yi murmushi, irin na wanda bai gama fahimta ba. Sannan murmushin ya tafi. Ya fara rantsuwa, ya ce wallahi, ya ce ga alwala a jikinsa. Madam ta ce ya rufe mata baki, kada ya kwaso zunubi daga fitowarsa masallaci. Ta ce yanzu ta gane komai. Ya zuƙe mai kyau ya sayar, ya cike gurbin da ruwan kwata, sannan ya zo yana ba ta shawarar ta dinga cika tanki. Ta juya tana gaya wa taron, kamar su ne alƙalai. Wani mai fenti ya girgiza kai ya ce direbobin yanzu sai addu'a.

Umar ya juyo wurin Jethro.

"Baba, ɗazu a mota na gaya maka. Gaya mata."

"Ni abin da na gani na faɗa."

Madam ta miƙa hannu ta ce makulli. Ya ba ta. Hannun bai sauka ba. Ta ce rigar ma, ta makaranta ce, ba za a ga sunan makarantarta a ƙirjin ɓarawo ba. Umar ya yi ƙasa da murya ya ce singileti ce kawai a ciki, ta bari ya kawo gobe a wanke. Ta ce ba ta gaji da tsayuwa ba. Ya ajiye darduma a kan benci, ya cire hula, ya zare rigar ta kai. Singiletin ta huje a wuri biyu, haƙarƙarinsa a waje. Wani ya yi dariya a baya, aka ce masa kai, ya yi shiru. Madam ta karɓi rigar da yatsu biyu ta jefa a but.

Har ta buɗe ƙofa, sai ta tuna.

"Litinin kada in ga 'yarka a get ɗina. 'Ya'yan ma'aikata na ce, ban ce 'ya'yan ɓarayi ba."

A nan ne Umar ya durƙusa a cikin caɓin da ruwan jiya ya bari, mutum mai shekara arba'in, a gaban masu faci. Bai roƙi aikin ba. Ya ce ya yarda ta kore shi, ya yarda ta kira shi duk abin da ta ga dama, amma yarinyar ba ta san komai ba, saura mako biyu jarrabawa, ta bari ta gama zangon nan kawai.

"Ai ta iya karanta lambar mota," in ji Madam. "Kai ta tasha."

Jethro yana tsaye taku biyu daga gare shi. Hannunsa na dama yana kan rigarsa, ya danne aljihun. Har yanzu numfashi ɗaya ya isa. Ya dubi kwanon rumfarsa, inda yake yoyo, ya ga ya kamata a sa masa kwalta kafin ruwan gaba.

Madam ta zauna a kujerar direba, ta ja ta gaba, ta murɗa makulli. Motar ta tashi sumul. Ta sauke gilas, ta ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Shi ya sa ake ce maka Likita. Litinin zan turo maka bas biyu, birkinsu na ƙara."

Ta ja. Kunnen Jethro ya bi motar har ta hau kwalta, har ta sha kwana. Ba tari, ba fizga. Ba za ta sake mutuwa ba, wannan kam ya sani.

Taron ya watse, kowa ya koma kan abin da ya bari. Mai fenti ya dafa kafaɗar Jethro da zai wuce, ya ce tsohon hannu daban ne.

Umar ya daɗe a durƙushe kafin ya miƙe. Gwiwoyin wandonsa sun yi jawur da laka. Ya ɗauki hularsa ya sa. Gorar tana kan benci inda Madam ta bar ta, kusa da dardumarsa. Ya ɗauke ta ya duba. Ta lafa yanzu, fetur a sama, ƙasa a gindi, ja, mai ɗan baƙin mai a jiki. Ya dubi ƙasar da ke ƙarƙashin silifas ɗinsa. Ya sake duban gorar. Ya ajiye ta a hankali.

"Baba, ara mini tsumma in goge gwiwata. Ba zan shiga gida haka ba, yarinyar tana nan."

Jethro ya kai hannu baya ya zaro busasshen ya miƙa masa. Garin juyawar nan rigarsa ta ɗage. Wandon ya jiƙe tun daga bakin aljihu har kusa da gwiwa, baƙi ƙirin, yana tashin fetur. Wani lungu na ƙyalle ya leƙo waje, ya koɗe ya yi fari-fari, da kan zabuwa guda a jikinsa.

Umar yana riƙe da shuɗin, bai kai shi gwiwa ba. A rumfar gefe, Tony ya daina fito. Ya sunkuya a kan wayoyinsa kamar yau ya fara ganinsu.

"Baba," in ji Umar, muryarsa ba ta tashi ba, "wancan na aljihun gaba fa, me ya jiƙa shi haka?"